Malamin Likitocin Haƙori, Yaushe Rabonka Da Yi Wa Kanka Jarrabawa?

A muƙalarmu ta wannan makon za mu ɗan fita daga zancen jigo da salo, mu leƙa ajin da ake horar da likitocin haƙori. Kada wani ya ce ina ruwan marubuci da wannan. Duk cikinmu babu wanda ba shi da baki, kuma duk ranar da ciwon haƙori ya hana mu barci, a gaban ɗalibin wancan ajin za mu zauna mu wangame baki. Abin da malaminsa ya saba masa da shi a aji, shi zai yi a bakinmu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: malamin da ke son ya yaye likita mai tunanin tankaɗe da rairaya, dole ya riƙa yi wa halayensa na koyarwa hisabi da kansa, a kai a kai, kuma da hujjar da za a iya ƙirgawa. A makarantun horar da likitocin haƙori ana auna ɗalibi ta ko'ina, a rubuce da a baka da a gaban majinyaci. Amma wanda ke tsaye gaban allo, da wuya ka ji an tambaye shi tambayoyi nawa ya yi yau, ko daƙiƙa nawa ya jira amsa. Idan bai auna kansa ba, babu mai auna shi.

Me ya sa muka ce aikin haƙori musamman? Saboda kuskurensa ba ya gyaruwa. Fata takan warke, ƙashi yakan haɗe, amma haƙorin babba idan an cire shi ya tafi ke nan, kuma ɓangaren da injin likita ya goge daga jikinsa ba zai sake tsirowa ba. Ga shi kuma tarihin wannan sana'a cike yake da abubuwan da aka koyar a matsayin gaskiyar da ba a tababa a kanta, daga baya aka gano ɓarna ce.

A shekarar 1910 wani likitan Ingila mai suna William Hunter ya gabatar da lacca a Jami'ar McGill da ke Kanada, inda ya danganta cututtukan jiki da yawa da ruɓar da ke cikin baki. Wannan ra'ayi ya bazu, har aka shafe shekaru ana cire wa mutane haƙora, wani lokaci duk bakin gaba ɗaya, da sunan maganin ciwon gaɓoɓi da makamantansa. Sai a 1938 wasu likitoci biyu a Amurka, Cecil da Angevine, suka bi diddigin masu ciwon gaɓoɓi 200, suka ga cire haƙoran bai kawo sauƙin da ake faɗa ba. Waɗanda suka yi ta cirewa a tsakanin waɗannan shekaru ba jahilai ba ne. Ɗalibai ne masu ƙoƙari da suka haddace abin da malamansu suka faɗa, suka ci jarrabawa da shi.

Haka zancen G. V. Black, ba'amurken da ake kira uban aikin ciko na zamani. A ƙarshen ƙarni na 19 ya koyar da cewa idan za a cike kogon haƙori, a faɗaɗa ramin zuwa wuraren da ke da lafiya don kada ruɓa ta dawo. An yi shekaru da dama ana bin wannan ƙa'ida. Yau koyarwar ta juya, ana cewa a rage goge lafiyayyen haƙori gwargwadon iko. A shekarar 2000 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce a daina cire turamen ƙarshe da suka maƙale matuƙar ba su kawo wata cuta ba, alhali a da cire su abu ne na yau da kullum. A 2007 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta rage yawan masu ciwon zuciya da ake ba maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a yi musu aikin haƙori. Duk wanda ya kammala karatu kafin waɗannan sauye-sauye, idan hadda kaɗai ya fito da ita, to zai tsufa yana aiki da ilimin da ya riga ya mutu. Abin da zai cece shi shi ne ɗabi'ar tambayar "mece ce hujjar wannan?", kuma a aji ake dasa wannan ɗabi'a ko a kashe ta.

A nan gida ma buƙatar ta fi tsanani, domin yawancin littattafan da ake karantawa a tsangayoyin haƙori na Legas da Ibadan da Kano da Maiduguri an rubuta su ne da majinyatan wasu ƙasashe a zuciya. Littafi zai ce sinadarin fuloraid yana kare haƙori daga ruɓa, kuma gaskiya ne. Amma a yankin Langtang na jihar Filato an daɗe da sanin cewa ruwan sha na ɗauke da wannan sinadari fiye da kima, har yana ɓata launin haƙoran mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. Ɗalibin da ya haddace "fuloraid alheri ne" zai ƙara wa yaron Langtang abin da ya riga ya yi masa yawa. Wanda aka saba wa tambaya zai fara da cewa, daga ina kuke ɗebo ruwa?

Ga kuma cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da rashin abinci mai gina jiki. Tana farawa ne kamar kumburin dasashi, cikin kwanaki kaɗan ta ci kunci da leɓe, kuma idan ba a yi magani ba tana kashe kusan 9 cikin 10 na waɗanda ta kama. Idan aka gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disambar 2023. A littafin Turai wannan cuta ba ta wuce 'yan layuka. A ƙauyen Zamfara ko Sakkwato, ma'aikacin da ya ga dasashin yaro yana jini, ya kuma kalli ramarsa, ya tambayi ko ya yi ƙyanda kwanan nan, shi ne bambanci tsakanin rai da mutuwa. Haɗa waɗannan alamomi wuri ɗaya aikin tunani ne.

To, wane malami ne zai ce ba ya son ɗalibansa su yi tunani? Babu. A nan matsalar take. A 1997 Richard Paul da Linda Elder da Ted Bartell sun fitar da sakamakon hirar da aka yi da malaman jami'a 140 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kashi 89 cikin ɗari sun ce koyar da zurfin tunani yana cikin manyan manufofinsu. Kashi 19 ne kawai suka iya bayyana ma'anarsa a fili. Tun kafin nan, a 1977, Patricia Cross ta ruwaito cewa kashi 94 cikin ɗari na malaman wata jami'a a Nebraska sun ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka fi matsakaicin malami iya koyarwa, abin da lissafi ba zai yarda da shi ba. A 2006 kuma mujallar likitoci ta JAMA ta buga nazarin Davis da abokan aikinsa, wanda ya nuna likitoci ba su cika iya auna ƙwarewar kansu daidai ba, kuma waɗanda suka fi kuskure a wannan awo su ne mafiya rauni a aiki da mafiya yarda da kai. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Wani zai ce, ai kun rushe maganarku da kanku. Idan mutum ba ya iya auna kansa, me ya sa kuke cewa malami ya yi wa kansa hisabi? Amsarmu ita ce, hisabin da ya gaza shi ne na zuci, wanda mutum zai kishingiɗa ya tambayi kansa "shin ni malamin kirki ne?" ya ba kansa amsar da yake so. Wanda muke kira gare shi na ƙirge ne. Mai kanti ba ya sanin ribarsa ta hanyar jin daɗin da ke ransa, littafin ciniki yake buɗewa. Malami ma yana da littafin da zai buɗe: ya ajiye wayarsa a kan tebur, da sanin ɗalibai da yardarsu, ya naɗi lacca guda, ya koma gida ya saurara da biro da takarda a hannu.

Abu na farko da zai ƙirga shi ne shirun da ke bayan tambaya. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari ɗaruruwan darussan da aka naɗa, ta gano cewa malami yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan ya yi tambaya, kafin ya maimaita ta, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka koya wa malamai jira na daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, masu cewa "ban sani ba" suka ragu. A daƙiƙa ɗaya abin da aka haddace kaɗai ke iya fitowa. Tunani yana buƙatar numfashi. Malamin da ya saurari muryarsa ya ji yana amsa tambayar kansa sau goma a awa ɗaya, ya samu abin gyara da ba ya buƙatar ko kwabo.

Na biyu, ya rubuta duk tambayoyin da ya yi, ya kasa su. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokansa suka jera matakan sani, daga tuna abu zuwa fahimtarsa, zuwa aiki da shi, har zuwa yanke hukunci a kansa. "Haƙora nawa ne a bakin babba?" tambaya ce ta tuni, amsarta 32, an gama. Amma a ce: ga mace mai ciki wata bakwai, turminta na ƙasa ya kumbura, ta zo daga ƙauye mai nisa, ba ta da kuɗin dawowa sau uku, me za ka yi mata yau kuma me ya sa? Wannan tana tilasta ɗalibi ya auna magani da aljihu da nisa da lafiyar abin da ke ciki. Idan malami ya ƙirga ya ga tambayoyinsa ashirin duk irin ta farko ce, to ya san abin da yake nomawa. Haka zai yi da takardun jarrabawarsa na shekaru uku da suka wuce, domin ɗalibi ba wawa ba ne, abin da ake ba maki shi yake karantawa.

Na uku, ya saurari abin da yake faɗa idan an ba shi amsar da ba daidai ba. Akwai malamin da zai ce "zauna", akwai wanda zai yi dariyar da za ta sa duk aji dariya, akwai kuma wanda zai ce "ta yaya ka kai ga wannan?" Na ƙarshen nan ne kaɗai zai gano inda zaren tunanin ya tsinke. Sauran biyun sun koyar da darasi mai ƙarfi ba tare da sun sani ba, wato cewa shiru ya fi aminci. Ɗalibin da ya koyi ɓoye rashin saninsa a aji, zai ɓoye shi a gaban majinyaci.

Na huɗu yana faruwa ne a asibitin koyarwa, inda ɗalibi ke aiki a bakin mutum na gaske malami yana kewayawa. Ɗabi'ar da ta fi sauƙi ita ce malami ya leƙa, ya faɗi cutar, ya faɗi maganin, ko ma ya karɓi kayan aikin ya ƙarasa da hannunsa. Majinyaci ya samu biyan buƙata, ɗalibi kuma ya zama ɗan kallo. A 1992 Jon Neher da abokan aikinsa sun tsara wata hanya mai matakai biyar domin malaman asibiti masu ƙarancin lokaci: ka sa ɗalibi ya fara faɗin abin da yake gani ita ce matsalar, ka tambaye shi hujjarsa, ka ba shi ƙa'ida guda da zai yi amfani da ita gaba, ka faɗa masa abin da ya yi daidai, sannan ka gyara kuskurensa. Matakai biyun farko su ne ruhin abin. Tambayar da malami zai yi wa kansa a ƙarshen rana ita ce, cikin ɗalibai goma da na tsaya a kansu yau, nawa na bari suka yi magana kafin ni?

Na biyar, yaushe rabonsa da cewa "ban sani ba, mu bincika" a gaban ɗalibai? Ko ya ce, "abin da aka koya mana ke nan a zamaninmu, yanzu an sauya, ga dalili"? Ɗalibin da bai taɓa ganin babba ya sauya ra'ayi saboda hujja ba, ba zai san ana yin haka ba.

Kuma ido ba ya ganin ƙeya. Stephen Brookfield, a littafinsa na 1995 kan malami mai nazarin kansa, ya ce malami ya kalli aikinsa ta madubai huɗu: abin da shi kansa ya fuskanta, idon ɗalibansa, idon abokan aikinsa, da abin da bincike ya nuna. A aikace wannan yana nufin a ƙarshen mako ya raba 'yan takardu, kowa ya rubuta ba tare da suna ba inda ya fi ruɗewa, sannan ya gayyaci abokin aiki ya zauna a bayan aji ya yi masa ƙirge, shi ma ya rama masa.

Mun san uzurorin da za a kawo, kuma wasu suna da nauyi. Za a ce malamai kaɗan ne, yawancinsu suna haɗa koyarwa da duba marasa lafiya, wasu kuma sun tafi ƙasashen waje, ga manhaja mai tsawo da hukumar MDCN ke sa ido a kai. Gaskiya ne. Da cewa muka yi a rushe manhaja a koma tsarin koyo ta hanyar warware matsala, irin wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara a 1969 kuma makarantar haƙori ta Malmö a Suwidin ta ɗauka a 1990, da uzurin ya karɓu, domin wannan tsari yana cin malamai da ɗakuna da kuɗi. Amma jiran daƙiƙa uku ba ya neman kasafin kuɗi. Mayar da tambayoyi biyu cikin goma su zama na "me ya sa" ba ya neman amincewar majalisar jami'a.

Za a ce kuma hadda wajibi ce. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Wanda bai san inda jijiyar muƙamuƙi ta bi ba, ko iyakar allurar kashe zafi da jiki zai ɗauka, tunaninsa bai da abin tankaɗewa. Hadda ce tsabar, tunani shi ne rariya. Abin da muke ƙi shi ne a tsaya a kan tsabar a ce an gama tuwo.

Uzuri na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: tarbiyyarmu ta girmama malami, ɗalibi ya tambayi hujja kamar raini ne. Muna alfahari da wannan tarbiyya, amma mu tuna Bahaushen da ya ce a girmama na gaba shi ne ya ce matambayi ba ya ɓata. Ɗalibi ba zai fara ba, saboda makinsa yana hannun malami. Malamin ne zai buɗe ƙofar, ya nuna tambayar hujja cikin ladabi ba ta rage masa daraja. Da yawanmu a nan mun fito daga kwalejojin fasaha da na kiwon lafiya, inda ake horar da masu taimaka wa likitocin haƙori da masu ƙera haƙoran roba. Mun san al'adar handawut, a haddace a zuba a takarda a manta. Su ma waɗannan ma'aikata, da su ne talaka ya fi haɗuwa da su a ƙananan asibitoci, sun cancanci malamin da ke tambayar su dalili.

Akwai kuma abin da ya wuce bangon asibiti. Likitan da aka horar da tambayar hujja shi ne zai iya zama da uwa ya warware mata, cikin mutunci, cewa fitar haƙori ba ta kawo gudawa mai tsanani da zazzaɓi mai zafi, a nemi ainihin cutar. Wannan tsohon zato yana sa a jinkirta zuwa asibiti, yana kuma sa a sayi magungunan da ba a buƙata. Ba mu manta ba, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gurɓataccen maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan. Wanda aka saba masa da karɓar magana don babba ya faɗa, da me zai rarrashi uwar da ita ma babba ce ta faɗa mata?

Kafin mu rufe, mu juyo da madubin gida, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A ƙungiyoyinmu na marubuta muna koyarwa, ko mun kira kanmu malamai ko ba mu kira ba. Sabon marubuci ya kawo labari, sai mu karɓi biro mu gyara masa jimla, kamar malamin asibitin da ya ƙwace kayan aiki. Sau nawa muke tambayarsa me ya sa ya kashe wannan tauraron a babi na uku, mu kuma yi shiru har ya amsa? Sau nawa muke ba shi ƙa'ida mu ce haka magabata suka yi, ba tare da dalili ba? Ƙirgen nan guda biyar zai yi aiki a zaman karatunmu na wata-wata yadda zai yi a ajin haƙori. Wanda zai jagoranci zama na gaba ya gwada naɗar muryarsa, ya saurara shi kaɗai, ya ga minti nawa ya ci, minti nawa ya bar wa mai labarin.

Idan akwai malami ko ɗalibin fannin haƙori a cikinmu, muna son jin yadda abin yake a ajinku, ko da ra'ayinku ya saɓa wa namu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da haƙuri, ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.